Tukwicin Yarinya Mai Hankali

A wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke cikin garin Gombe akwai wata malamar kimiyya wadda abokan aikinta suka shaide ta da rashin wasa. Ba ta zaman hira a ɗakin malamai, in kuwa ta kama ɗaliba da littafin da ba na darasi ba a cikin aji, to, littafin nan ya zama ganima sai ƙarshen zango. Saboda haka ba ƙaramin mamaki aka yi ba ran da aka same ta a gindin dogon-yaron da ke bayan ofis, a lokacin tara, ta tasa wani littafin zane-zane a gaba tana dubansa kamar mai duban takardar gado. Abin da ya ƙara wa al'amarin armashi shi ne da Faransanci aka rubuta littafin, ita kuwa Malama ba ta jin ko zo in kashe ki da wannan harshe. Na abokiyar aikinta ne, malamar Faransanci, wadda ta sayo shi a Kwatano.

Sunan littafin Aya de Yopougon, watau Aya ta unguwar Yopougon, wata babbar unguwar talakawa da ma'aikata a birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa. Sunan yarinyar kansa sai da ya ba Malama dariya da farko, don ta rasa ko ayar ci ce ko ta karatu. Wadda ta tsara labarin ita ce Marguerite Abouet, haifaffiyar Abijan a 1971, wadda aka kai Faransa tana da shekara 12, wanda ya zana shi kuwa Clément Oubrerie. Kamfanin Gallimard ya buga juzu'i na farko a 2005, a shekarar da ta biyo ya ci kyautar littafin farko a bikin Angoulême, babban taron masu zanen labari na Faransa. Kafin ƙarshen 2010 ya kai juzu'i 6, aka fassara shi da Turanci tun daga 2007, aka mai da shi fim a 2013, sa'an nan na 7 ya fito a 2022. Labarin ya fara ne a 1978, zamanin Shugaba Félix Houphouët-Boigny, lokacin da kuɗin koko da gahawa suka wadata ƙasar, kuma marubuciyar ta sha faɗin cewa nufinta ta nuna Afirkan da ta tashi a cikinta, wadda ba ta yaƙi da yunwa ba ce kamar yadda Turawa suka saba gani.

Da yake Malama ba ta iya karanta maganganun da ake sa wa a ɗan kewayen nan na saman kan mutane, sai ta bi hotunan kurum, kuma wannan rashi ya zame mata riba, domin ta ga abin da mai karatu da sauri ba lalle ya gani ba. Ta lura da wata doguwar yarinya wadda kusan ko da yaushe tana gefe. Wasu suna rawa, wasu suna kuka, wasu suna cacar baki, ita kuwa ko dai tana sauraro, ko tana goye da ɗan wani, ko tana tafe da sauri zuwa gidan wani. Sai Malama ta nuna wata mai ƙyale-ƙyale da ke tsakiyar shafi, ta tambayi mai littafin ko ita ce Aya.

Malamar Faransanci ta yi dariya ta ce, "A'a, Malama, wannan ƙawarta ce. Ga Aya can, mai goyon nan."

Malama ta ce, "To, yaya aka sa wa littafin sunanta alhali ita aike kawai ake yi da ita?"

Daga ran nan suka mai da lokacin tara na fassara. Aya budurwa ce 'yar shekara 19 mai son ta zama likita. Mahaifinta, Ignace, ma'aikaci ne a kamfanin giya na Solibra, kuma a ganinsa dogon karatu ba na mace ba ne. Da zai samu yadda yake so da ta auri Moussa, ɗan maigidansa, wani sakarai mai kuɗin uba. Ƙawayenta biyu, Adjoua da Bintou, ba abin da ke gabansu sai kwalliya da wuraren rawa. Adjoua ta yi ciki, aka ɗora wa Moussa, aka yi biki, da aka haihu sai jaririn ya fito da kamannin wani saurayi dabam. Bintou ta faɗa hannun wani mayaudari mai cewa daga Faris yake. Shi kansa Ignace daga baya asirinsa ya tonu, ashe yana da 'ya'ya biyu da sakatariyarsa. A cikin duk wannan kwamacala Aya ake kai wa kuka. Ita ke goyon ɗan Adjoua don uwar ta samu zuwa kasuwa, ita ta matsa wa Hervé, ɗan'uwan Bintou, har ya koyi kanikanci, ita ke lallashin mahaifiyarta, ita ke tsaya wa 'yar aikin gidansu.

Gaskiya ne da farko Malama ba ta saki jiki da littafin ba. Yopougon ba Gombe ba ce. Can ana shan giya a fili, 'yan mata suna fita da dare, ga suturar ma ba irin tamu ba, don haka a ƙarƙashin takardun jarrabawa take ɓoye shi in za ta tafi da shi gida. Amma ba rawar ce ta kama ta ba, ba kuma abin kunyar Adjoua ba.

Kafin Aya, matan da Malama ta sani a zane iri biyu ne. Tana ƙarama ta ga tsofaffin mujallun Ikebe Super a akwatin wanta, watau mujallar barkwancin nan da Wale Adenuga ya fara bugawa a Ikko a 1976, wadda daga baya mutanenta suka koma talabijin. A ciki akwai Mama Ajasco, matar gida mai fama da miji mai bin mata, akwai kuma Miss Pepeiye, wadda sunanta da Yarbanci agwagwa ke nan, mai yanga da tatsar aljihun maza. Ko dai mai haƙuri ko mai kwaɗayi, kuma dukansu don a yi dariya aka zana su. A 'yan shekarun nan an samu wani iri na uku, irin su Malika, jarumar da Roye Okupe ya fitar a 2017 yana mai koyi da tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, ga takobi ga doki ga runduna. Madalla da wannan, yara suna sonta, sai dai macen da ta tashi da asuba ta ɗora ruwan wanka, ta dama koko, ta tare mai Keke Napep don kada ta makara, da wuya ta ga fuskarta a fuskar mai takobi.

A wannan shekara ta 1976 ɗin dai, can a Amurka, wata ma'aikaciyar kamfanin talla mai suna Cathy Guisewite ta fara wani ɗan zane a jaridu mai suna Cathy, wanda ya yi shekara 34 yana fita, har ya kai ana buga shi a jaridu wajen 1,400. Ita Cathy ta cikin zanen budurwa ce mai aikin ofis, kullum tana fama da abu huɗu: cin abinci da tsoron ƙiba, samari, aiki, da mahaifiyarta. Ta yi aure a 2005, aka rufe labarin ran 3 ga Oktoba, 2010 tana gaya wa iyayenta tana da juna biyu. Wasu matan Amurka sun ƙi ta, suka ce ta cika raki, wasu kuwa suka riƙa yanke ta daga jarida suna liƙawa a ɗakin girki saboda ta faɗi abin da ke ransu. Ko ma dai yaya ne, Cathy tana da abu guda wanda Aya ba ta da shi: in abu ya dame ta takan buɗe baki ta yi kururuwa, duniya ta ji. A ƙasar Hausa kuwa matan da suka so a ji su ba ta zane suka bi ba, ta ƙagaggun littattafai suka bi, kamar yadda Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Wa Zai Auri Jahila? a 1990, inda ta ba da labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole.

To, amma auren dole zalunci ne wanda ake gani, ana iya nuna shi da yatsa, ana iya kai ƙararsa. Abin da Malama ta gani a Aya ya fi wannan laushi, don haka ya fi shi wuyar kamawa. Ba wanda ya daki Aya, ba wanda ya kulle ta a ɗaki. Yabonta ake yi. Kowa ya buɗe baki sai ya ce ita ce mai hankali, kuma da zarar an faɗi haka sai a miƙo mata kaya. Ƙawayen da suka yi wauta an yi musu faɗa, an yafe musu, kowace ta samu labarinta mai farko da ƙarshe. Ita da ba ta yi laifin kome ba tukwicinta shi ne ta riƙe wa kowa jakarsa har ya gama rawa. Ana yawan magana a kan abin da jama'a ke yi wa yarinyar da ta kauce hanya, ba a cika tambayar abin da suke yi wa wadda ta bi hanyar sau da ƙafa ba. Ita ba ta raki, shirunta kuwa yarda ake ɗaukarsa.

Malama ta san wannan yabo, don da shi aka yi mata goyo. Ita ce babbar mace a ɗakinsu. Ta gama sakandare a 2002 da sakamakon da ya isa a nemi likitanci da shi, sai mahaifiyarta ta haifi tagwaye ta kwanta ciwo. Ba wanda ya ce mata kada ta yi karatu. Cewa aka yi ta dakata shekara guda, tun da ita ce mai hankali. Kafin shekarar ta cika manema suka fito, aka ce ba a ajiye budurwa a gida tana zaune haka kawai, aka ɗaura mata aure a 2003. A 2004 aka kafa Jami'ar Jihar Gombe, watau jami'a ta iso har cikin gari shekara guda bayan an kai ta ɗaki. Mijin ba mugu ba ne, shi ya biya mata kuɗin Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya da ke nan Gombe bayan haihuwarta ta uku, kuma ba ta taɓa cewa an cuce ta ba. Sai dai duk ran da ta zana zuciyar ɗan'adam a allo ta raba ta ɗaki huɗu, takan ɗan jima tana kallon zanen kafin ta juyo wajen ɗalibai.

'Yarta ta fari an haife ta a 2005. Bisa al'adar gidan, wadda Fulani da Hausawan Gombe suka yi tarayya a kanta, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da aka yaye yarinyar sai kakarta ta wajen uba, wadda kowa ke kira Dada, ta ɗauke ta zuwa babban gida a Jekadafari, can ta girma. Malama ba ta kiranta da kome sai "'yar Dada", in ta matsu ta ce "ke". Yarinyar ta tashi shiru-shiru, ga ƙoƙari a makaranta, ga aikin gida. Ita ke rubuta wa Dada lissafin adashe, ita ke raka matan gidan awo, ita ke yi wa 'ya'yan baffanninta aikin makaranta. Duk unguwar an san ta da suna guda, mai karatu ya riga ya san shi.

A 2024, tana da shekara 19 cif kamar Aya, ta samu gurbin karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ba a gama murna ba hawan jini ya kayar da Dada, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka yi mako uku a Asibitin Koyarwa na Tarayya, aka sallamo ta da sharaɗin sai an riƙa juya ta, ana yi mata wanka, ana ba ta abinci a baki, ana kai ta gashi.

Aka taru a zauren babban gida ran wata Juma'a bayan la'asar. Dada tana da 'ya'ya maza huɗu da mace ɗaya, jikoki kuwa sun haura 20, cikinsu har da samari biyar waɗanda ba makaranta ba sana'a, sai kallon ƙwallo. Ba wanda ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba don mugunta ba, tunanin ne bai zo wa kowa ba. Baffa babba ya yi gyaran murya ya ce, ai abin a fili yake, Dada ita ta raini yarinyar nan, ba hannun da ta saba da shi kamar nata, ga ta kuma da hankali. Ta dakata shekara guda, in Allah ya ba da sauƙi sai ta sake jarrabawa, ko ta nemi wani fannin a nan gida. Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Goggo ta ce wannan haka yake. Aka juya wajen yarinyar, ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da aka yanke daidai ne. Aka sa mata albarka.

Malama tana daga bayan ƙofa tare da sauran matan gida. Ta san ragowar karin maganar da Baffa ya yanke, wadda ke cewa sai dai a daɗe ba a je ba, ta kuma san tsawon shekara guda irin wannan, don tata ta kai 22 ba ta ƙare ba. Amma wace uwa ce za ta ɗaga murya a zauren surukai a kan 'yar fari? Da ta uku ce ko ta huɗu da an ce tausayin uwa ne. A kan ta fari kuwa sai a ce ba ta da kunya, a yi ta faɗi har jikoki. Al'adar da aka yi don ta koya wa uwa kawaici, don kuma ɗa ya zama na dangi duka, ita ce ran nan ta ɗaure bakin mutum guda da ya san abin da ake shirin yi wa yarinyar. Ta yi shiru, aka shafa fatiha, aka watse.

A daren ba ta yi barci ba. Ta ɗauko littafin, wanda a lokacin ta kai juzu'i na 4, ta yi ta juya shafuffukan. A nan Aya ta riga ta shiga jami'a tana karatun likitan da take so, sai ga wani malaminta ya tasa ta a gaba da neman lalata, ita da ke warware matsalar kowa ta rasa wanda za ta kai wa tata. Malama ba ta yaudari kanta ba. Ta san Zariya da nisa, ta san irin wannan malami ba a Abijan kaɗai yake ba, ta kuma san in ta nuna wa maigidan wannan shafi to ta ba shi hujjar da ta fi ta Baffa ƙarfi. Ta rufe littafin ta tura shi ƙarƙashin matashi.

Da maigidan ya dawo daga sallar asuba ta kai masa shayi, ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba ba a irin wannan lokaci.

Ta ce, "Malam, ina da magana a kan hukuncin jiya."

Ya ce, "Ai an gama, Yaya ya yanke. 'Yar Dada ma ta yarda."

A nan ne Malama ta kama sunan yarinyar. Ta faɗe shi cikakke, yadda liman ya raɗa shi shekara 19 da suka wuce, ta ce wance ba yarda ta yi ba, hankali ta yi, kuma ita ta san bambancinsu. Maigidan ya ajiye kofin. Tun da suke bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har ya waiga kamar mai neman wanda ya yi maganar. Ta ce a dawo da Dada gidansu na Pantami, a ba ta ɗakinta, ita za ta yi jinyar da safe da dare. Da rana kuwa 'ya'yan Dada biyar su haɗa kuɗi a ɗauki mai kula da ita, samarin nan kuma a raba musu ranakun kai ta gashi, tun da ɗaga babban mutum aikin ƙarfi ne. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Kin san abin da za a ce da ke?" Ta ce ta sani.

An kuwa faɗa. Goggo ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska, aka ce boko ya cire mata kunya, aka ce ta raba tsohuwa da ɗakin mijinta. Kuɗin mai jinya wata uku aka haɗa cikakke, daga nan sai na mutum biyu ke zuwa. Cikin samari biyar ɗaya ne ya riƙe ranarsa. Mai lura zai ga cewa kayan bai bar kan mata ba, sauka kawai ya yi daga kan 'ya ya hau kan uwa, kuma Malama ba ta jahilci wannan ba. Takan tashi ƙarfe huɗu, ta gyara Dada, ta shanya zannuwa, ta isa makaranta idonta ja. Littafin ma ta mayar wa mai shi ba ta kai ƙarshe ba, ta ce sai ta samu sarari. Dada kuwa, da bakinta ya fara sakuwa, abin da ta fara tambaya shi ne ko yarinyar ta tafi da bargo, don an ce Zariya da sanyi.

Ran wata Lahadi da dare, bayan an yi wata huɗu da tafiyar, waya ta yi ƙara. Malama ta kara wa Dada a kunne suka gaisa, sa'an nan ta karɓa. Yarinyar tana ta ba da labari da murna. Ta ce su shida ne a ɗaki, kuma duk sun ba ta ajiyar kuɗin cefanensu don ita ba ta ɓarna. Ita ke yi musu girkin dare saboda nata ya fi daɗi. Jiya ma ba ta runtsa ba, wata 'yar ɗakinsu ce zazzaɓi ya kama, ta kwana da ita a asibitin makaranta. Ta ce har sun sa mata suna, wai Uwar Ɗaki.

Malama ta yi shiru har yarinyar ta ce, "Inna, kina ji na?"

Ta ce, "Ina jin ki. Jarrabawar da kika ce za ku yi gobe fa, kin duba?"

Yarinyar ta ce za ta duba yanzu, in ta gama wanke tukwane.